Sabon ganye a ɗakina

Yau da asuba, da na dawo daga masallaci, na duƙa kan tukunyar na'ana'ar da ta yi yaushi saboda rana ba ta shiga ɗakina, sai na ga ƙananan ganyaye biyu sun ɓullo, kore shar. Makonni uku ke nan da na rataya mata fitilar LED mai araha mai ba da haske ja da shuɗi, kimanin santimita 30 daga samanta, ina kunna ta awa 14 kullum, domin haske ja da shuɗi ne ganye ya fi amfani da shi wajen haɗa abincinsa.

Na murza tsohon ganye guda, ƙamshinsa ya tuna mini da shayin mahaifiyata. Da na zubar da na'ana'ar makon jiya, da ban ga wannan ba.