Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zafin da Gari Ke Ajiyewa Zuwa Dare

A makon jiya mun tsaya a kan yankan filaye. Yau za mu shiga ɓangaren da ya fi damuna a aikin tsara gari, wato zafi, domin ranar da aka kafa turakun fuloti, ranar aka yanke yadda daren garin zai kasance.

Tun 1818 Luke Howard, wani mai nazarin yanayi ɗan Ingila, ya nuna da ma'auni cewa daren tsakiyar Landan ya fi na ƙauyukan gefenta ɗumi. Sabuwar kwalta kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana kawai take mayarwa, sauran ta shanye. Siminti da bulo ma yini suke suna sha, sai rana ta faɗi su riƙa sakinsa a hankali. Fili mai ciyawa kuwa ruwan da ganye ke fitarwa ne ke sanyaya shi, kamar gumi a jikin mutum. Da zarar an shafe ƙasa da kankare, ruwan sama kwata zai bi ya wuce, danshi ya ƙare. In kuma layi ya matse, gine-gine suka yi tsawo, zafin da wannan bango ya saki, na gabansa ne zai cafke. A birni mai mutum miliyan ɗaya, daren da babu iska babu gajimare, bambancinsa da karkara kan kai har digiri 12 a ma'aunin Celsius.

Kada a ɗauka ciwon manyan birane ne kaɗai. A 1973 masanin yanayi Tim Oke ya gano alamarsa har a gari mai mutum 1,000, kuma kusan rabin mazauna biranen duniya suna garuruwan da ba su kai mutum 500,000 ba. A can ne gyara ke da sauƙi, tun fili bai ƙare ba.

Ga yadda ake gwadawa. A ɗaura ma'aunin zafi a jikin mota, a tsayin mita 1.5 zuwa 2, nesa da injin motar. A fita awa 3 zuwa 5 bayan faɗuwar rana, daga bayan gari a ratsa tsakiya a ɓulla ɗaya gefen, ana rubutawa a kowace mahaɗa. Dole a dawo ta wannan hanyar a sake aunawa, a raba tsakani. Wanda bai dawo ba, sanyin da dare ya ƙara yana tafiya zai ɗauka bambancin unguwa ne.

Farin fenti a rufi yana aiki, shi ya sa Ahmedabad ta Indiya ta sa shi cikin shirinta na yaƙi da zafi, wanda ta fara a 2013. Amma ƙura na dusashe shi, sai an riƙa wankewa. Bishiya kuma a yamma da gini ta fi amfani, inda ranar la'asar ke dukan bango. Abin da ke kashe ta shi ne ɗan ramin da ake bar mata a tsakiyar kankare: saiwa ba ta samun iska, ruwa ba ya shiga, sai ta tsumbure. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce ta fi ba ni takaici, don zafin ɗaki take kwasowa ta juye a layi, maƙwabcin da ba shi da ita ya kwana a ciki.

Mako mai zuwa za mu duba faɗin titi da hanyar iska.