Hannun hagu ne zai riƙa yanke adadi

Talata, da dare.

Da safe, kafin in fara atisaye, na jingina wayata a ƙasa daidai gabana, na ɗauki bidiyon kaina ina tura ƙasa da hannuwa biyu. Na daɗe ina gani a madubi kamar ɓangaren dama na ƙirjina da damtsen dama sun fi na hagu cika, sai dai madubi ba abin dogaro ba ne a wannan sha'ani, domin hasken da ke shigowa ta gefe guda yakan zana wa tsoka inuwar da za ta sa ta yi kama da ta fi girmanta. Bidiyon ya nuna mini abin da jikina bai taɓa gaya mini ba. A farkon jerin, wato turawar da nake yi a jere ba hutu, komai yana tafiya daidai, amma da gajiya ta fara shigowa sai kafaɗar hagu ta riƙa makara wajen tasowa, gwiwar hannun hagu tana buɗewa waje, ƙugu kuma yana karkata dama kaɗan, har ya zamana hannun dama ne ke ɗauke da mafi yawan nauyina.

A nan matsalar take ga duk wanda ke motsa jiki a gida ba tare da ƙarafa ba. Kusan duk atisayen da aka fi sani, tura ƙasa ne ko tsugunne ko ɗaga jiki a sandar rataye, gaɓoɓi biyu ne ke yinsa tare, kuma jiki ba ya raba aiki da adalci. Burinsa kawai a tashi daga ƙasa, saboda haka yakan miƙa nauyi ga ɓangaren da ya fi ƙarfi ba tare da mutum ya ji ba. Adadin da ake ƙirgawa yana ƙaruwa, mutum yana murna, alhali ɓangare ɗaya ne ke cin ribar ƙarin.

Na auna damtsena biyu da tef irin na tela, hannu a sake, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Bambancin bai kai santimita ɗaya ba, abin da ya kwantar mini da hankali, domin babu ɗan Adam da ɓangarorinsa biyu suke daidai wa daida. Kusan mutum 9 cikin 10 da hannun dama suke aiki, kuma an daɗe da lura cewa a wajen irin waɗannan mutane damƙar hannun dama takan fi ta hagu da kimanin kashi 10 cikin 100, yayin da a wajen bahagwai bambancin yakan yi ƙasa da haka, wataƙila domin yawancin kayan aiki don na dama aka ƙera su. Wani bincike da aka buga a 1977 kan ƙwararrun 'yan wasan tanis ya nuna cewa kaurin bangon ƙashin damtse a hannun da suke wasa da shi ya fi na ɗayan da kusan kashi 35 cikin 100 a maza. Idan har ƙashi yana canzawa gwargwadon aikin da aka ɗora masa, ba abin mamaki ba ne tsoka ta yi haka.

Atisayen yau gaba ɗaya na mayar da shi na ɓangare ɗaya-ɗaya. Na fara da tura jiki da hannu ɗaya, na dafa gefen tebur mai ƙarfi, ƙafafu a baya kuma a buɗe, domin tsayin teburin yana rage nauyin da hannun ke ɗauka zuwa abin da hagu zai iya sarrafawa. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce hagu ne ke farawa, ina sauka a hankali cikin daƙiƙa uku, kuma da zarar kafaɗa ta fara ɗagowa wajen kunne ko ƙugu ya fara juyawa sai in tsaya. Adadin da hagu ya tsaya a kai, shi dama zai yi, ko ɗaya ba zai ƙara ba. Wannan sashe na biyu shi ya fi wuya, ba don gajiya ba, sai don hannun dama yana kammalawa da sauran ƙarfi a cikinsa, zuciya kuma tana cewa asara ce a bar shi haka. Ba asara ba ce. Riƙe ƙarfin da tsoka ta riga ta samu yana buƙatar aiki ƙasa da wanda aka yi wajen samunsa, don haka dama ba zai koma baya ba muddin yana yin aiki mai nauyi, zai dai rage gudu har hagu ya cim masa.

Bayan haka na ɗaura tawul a hannun ƙofa, na rufe ta ta yadda jan da nake yi zai ƙara matse ta a jikin firam maimakon ya buɗe ta, na jingina baya na riƙa jawo jikina da hannu ɗaya. Tsokokin baya, musamman waɗanda ke riƙe allon kafaɗa, su ake yawan mantawa da su a gida, kuma raunin da ake gani a ƙirji sau da yawa daga nan yake tasowa, tun da hannu ba ya iya tura abu da ƙarfi idan allon kafaɗar da yake dogara da shi yana rawa.

Ƙafafu ne suka ba ni mamaki. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera ta baya na riƙa tsugunnawa da ta gaba, ina zaton hagu ce za ta gaza kamar yadda hannun ya yi, sai ga shi dama ce ke rawa, gwiwarta tana neman faɗawa ciki. Da na yi tunani sai na ga dalilin: da ƙafar dama nake bugun ƙwallo, hagu ce kuma ke tsayawa ta riƙe jiki duk lokacin da dama ta tashi, saboda haka ita ta saba da ɗaukar nauyi ita kaɗai. A ƙafafu ke nan dama ce za ta riƙa farawa. Na ƙarasa da ɗaga ƙugu daga kwance da ƙafa ɗaya, da ɗaga diddige a bakin matakala, da kwanciyar gefe a kan gwiwar hannu.

Da yamma ƙanena ya same ni ina rubuta adadin kowane ɓangare a littafi, na yi masa bayani, sai ya ce, "Yaya, to me zai hana ka bar dama gaba ɗaya, ka riƙa yin hagu kaɗai har su daidaita?" Tambayar tana da ma'ana, amma ban yarda da shawarar ba. Na farko, hannun da aka ɗora wa ninkin aiki jijiyoyin gwiwarsa da na kafaɗarsa ne za su fara kuka kafin tsokar ta girma, domin jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ta fi tsoka jinkirin sabawa da nauyi. Na biyu, ɓangarorin biyu ba a rabe suke ba kamar yadda muke zato. Tun a 1894 wani mai bincike, Edward Scripture, da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa horar da hannu ɗaya yana ƙara wa ɗayan ƙarfi ko da bai yi komai ba, kuma binciken da aka tattara daga baya ya sanya wannan ƙari a kusan kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Ƙarin daga ƙwaƙwalwa yake zuwa, ba daga kumburin tsoka ba, amma yana nuna cewa aikin da dama ke yi shi ma yana amfanar hagu. Iyakar abin da na amince da shi shi ne jeri ɗaya na ƙari ga ɓangaren da ke baya, a ƙarshen atisaye.

Akwai kuma abin da atisaye ba zai taɓa ba, kuma gara in rubuta shi yanzu kafin in ɓata watanni ina binsa. Inda tsoka ta manne da ƙashi, da tsawon jijiyarta, da yadda layukan tsokar ciki suka jeru, duk gado ne. Ana iya ƙara wa tsoka kauri amma ba a canza zaninta. Wani bambancin kuma ba na ɗakin atisaye ba ne sam. Tsokar da ta rame farat ɗaya, ko hannun da ke sagewa yana tsittsira, ko allon kafaɗa da ke fitowa waje idan an tura bango, ko kafaɗa ɗaya da ta fi ɗaya tsayi saboda karkacewar ƙashin baya, waɗannan aikin likita ne ko likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar gashi da motsa jiki. Na duba kaina, babu ko ɗaya daga cikinsu.

Ban sa ran ganin canji a tef da wuri ba. A makonnin farko yawancin ƙarfin da ake samu daga sabawar jijiyoyin ƙwaƙwalwa yake, girman tsokar da ido zai gani kuwa yakan ɗauki makonni shida zuwa takwas ko fiye, don haka sai bayan wata biyu zan sake awo, da safe kafin atisaye, a daidai wurin da na auna yau. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ba manya shawarar ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ni zan yi uku, da hutun kwana guda a tsakani. Yanzu haka ƙarƙashin hammatar hagu da gefen haƙarƙari suna mini tsami a wurin da ban saba ji ba, gobe kuwa hutu ne. Ranar da hagu ya iya yin goma sha biyu a jere ba tare da ƙugu ya juya ba, zan sauko daga tebur zuwa mazaunin kujera.