Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwan Hajiya Ya Ƙi Zafi

Makon jiya mun tsaya a inda Maigida ya fara yarda in riƙe sifana da hannuna, bayan dogon lokacin da aikina bai wuce ɗaukar jakar kayan aiki da fasa bango ba. Yau ga labarin aikin da ya sa aka fara tambayar sunana a unguwa, aka daina cewa "yaron mai famfo".

Wanda bai san Damagaram ba zafi kaɗai yake jin labari. Ya zo a watan Janairu ya gani. Iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe duwatsun Birni, ruwan da ya kwana a buta kuwa sai ka yi ta maza kafin ka sa hannu a ciki da asuba. A irin wannan lokaci aka aiko mana daga wani gida a Sabon Gari. Wata Hajiya ce, tsohuwa mai fama da sanyin ƙashi. Ɗanta da ke aiki a Yamai ya sa an kafa mata tankin ruwan zafi mai cin lita 50 a banɗaki, don ta huta da jiran gawayi. Ga shi ruwan ya ƙi zafi, kuma tun shigowar sanyin har an riga an canja mata ƙarfen da ke ɗumama ruwan, wanda muke ce wa rezistans, bai yi ƙarko ba.

Muka iske jikarta a tsakar gida tana fifita gawayi, idonta ya yi ja don hayaƙi. Maigida ya gaida Hajiya, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar banɗakin, ya ce mini, "Yau kai za ka duba. Ni nawa ido."

Gabana ya faɗi, amma na bi hanyar da na sha ganin yana bi. Ban taɓa tankin ba tukuna. Na buɗe famfon zafi na wurin wanke hannu, na koma na buɗe na shawa. Da a ce wancan ya ba da zafi wannan ya ƙi, to laifin na kan famfon da ke gauraya ruwan ne, ko kan shawar ya toshe, kuma aikin minti kaɗan ne. Duka biyun sanyi ƙalau, ruwan kuma na zuwa da ƙarfinsa. Na fita wajen kwantar, wato mitar wutar lantarki, makunnin bai faɗi ba. Na auna, wuta na isa tankin, volt 220 cif.

Sai na kashe wutar daga tushe, na sake aunawa don in tabbata ta mutu, sannan na kwance murfin robar da ke ƙasan tankin. Wannan ba na wasa da shi har gobe, kuma duk yaron da ke hannuna ya sani: ba a sa hannu a wayar tanki ƙafa tana kan siminti mai jiƙa da wuta a kunne. A jikin tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan, akwai wani ɗan maɓalli na kariya da ke faɗuwa in zafi ya wuce kima. Na iske ya faɗi. Mutane da yawa nan suke tsayawa, su danna shi su karɓi kuɗi su tafi. Na zare wayoyin rezistans ɗin na ɗora masa na'urar awo. Mai ƙarfin wat 1500 in yana da lafiya zai nuna kusan 32 a ma'aunin da ake ce wa om. Wannan bai nuna komai ba, waya ta tsinke a ciki.

Muka zubar da ruwan tankin na ciro shi. Abin da na gani ne ya tsayar da ni. Rezistans da tsufa ya kashe yakan fito da farin ɓawo mai kauri a jikinsa, ka ƙwanƙwasa yana zuba. Wannan ba shi da ɓawo ko kaɗan. Ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, gefe guda ya tsage. Na miƙa wa Maigida na ce, "Maigida, wannan ba ruwa a kansa ya ci wuta." Ya juya shi a hannu, ya ce, "To ina ruwan ya tafi?"

Tankin ba ya yoyo, bango a bushe yake. Na je na durƙusa gaban Hajiya na ce, "Inna, in an ɗauke ruwa yaya kuke yi?"

Ta ce, "Yadda kowa ke yi mana, ɗan nan. Mu bar famfo a buɗe mu kwanta, in ya dawo cikin dare mu ji ƙararsa mu tashi mu tara."

"Wane famfon kuke bari?"

"Duka. Wa ya san ta inda zai fara zuwa?"

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san daren tarar ruwa da jiran ƴan ga-ruwa. Amma tankin ba don irin wannan zama aka ƙera shi ba. A bututun da ke shigar masa da ruwan sanyi akwai bawul na kariya, wanda ke sakin ruwa in matsi ya kai 7 a ma'aunin da ake ce wa bar, kuma a cikinsa akwai ɗan marfi da ke hana ruwa komawa baya. Na kwance shi na hura da baki ta gaba, na hura ta baya, iska na wucewa ta ko'ina. Yashi ya maƙale a bakin marfin, robar ta cinye. Ke nan da zarar an ɗauke ruwa aka buɗe famfon zafi, iska ta shiga ta sama, ruwan tankin ya sulale ya koma ta inda ya zo. Wuta kuwa tana nan a kunne. Tukunya ce a kan murhu babu ruwa a ciki, kuma rezistans ba ya jure haka ko na ƴan mintoci.

Maigida ya hau babur ya nufi wajen masu kayan famfo na kusa da Kasuwar Dole, ya dawo da sabon bawul da rezistans da robar bakinsa. Na ɗaura. Na bar famfon zafi a buɗe ina cika tankin, yana tari yana tofar da iska, har ruwan ya miƙe sumul, sannan na kunna wuta na tsayar da tamostat a digiri 60. Lita 50 a irin wannan sanyi yana son kamar awa ɗaya da rabi, don haka muka tafi sallar azahar muka dawo.

Jikar ce ta tara hannu a shawa, ta janye da sauri tana dariya. Na kira ta na nuna mata makunnin tankin, na ɗaura masa jan ƙyalle don kada ta ruɗe: in an ɗauke ruwa a kashe wannan, famfon sanyi kaɗai za a bari a buɗe, in ruwa ya dawo kuma kada a kunna sai famfon zafi ya daina tofar da iska. Na sa ta maimaita mini a gaban kakarta.

Hajiya ta sa aka kawo mana fura, ta tambayi sunana da na mahaifina, ta yi ta sa mini albarka har kunya ta kama ni. A hanya Maigida bai ce uffan ba. Sai da muka isa shago ya zaro jika biyu ya danƙa mini, ya ce gobe akwai aiki a Garin Malam kuma ni kaɗai zan je.

Abin da na iske a wannan gida na Garin Malam, da yadda ya kusa raba ni da Maigida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.