Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar Sallama

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da aka kira ni ofishin shugaban ma'aikata, bayan na shekara takwas ina aiki a ɗakin injuna na kamfanin. Ya miƙo mini takardu biyu. Ta farko tana sanar da ni cewa an rage ma'aikata saboda ciniki ya ja baya, kuma sunana yana ciki. Ta biyu tana cewa za a ba ni albashin wata guda, ni kuma in sa hannu cewa ba na bin kamfanin komai.

Har na ɗauki alƙalami, sai zuciyata ta ƙi. Na roƙi a ba ni kwana biyu, aka ba ni da ƙyar.

Washegari na tafi wurin sakataren ƙungiyarmu ta ƙwadago, wani dattijo da muke kira Baba, wanda a da nake ganin kuɗin da ake cire mana duk wata domin ƙungiyarsa asara ne. Ya karanta takardun a tsanake, sannan ya ce, "Ɗana, wannan albashin wata guda ba kuɗin sallama ba ne. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye a ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi, kuma ana iya biyansa kuɗi a madadinta. Haƙƙinka suka miƙo maka kamar alfarma."

Na ce, "To Baba, nawa doka ta yanka mini na sallama?"

Amsarsa ta sanyaya mini jiki, domin dokar ba ta yanka ko kwabo ba. Abin da Sashe na 20 ya ɗora wa mai kamfani shi ne ya sanar da ƙungiya dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, ya fara sallamar wanda ya zo daga baya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin da za a biya. A ganina wannan giɓi ne babba, domin kalmar ƙoƙari ba ta ciyar da iyali. Baba ya ƙara da cewa Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta tanadi kuɗin sallama bisa daɗewar ma'aikaci a aiki da kuma yawan albashinsa, amma ba ta hau kan ƙasar da ba ta rattaba mata hannu ba, irin Nijeriya.

Daga nan ya jawo wata tsohuwar takarda daga durowa, yarjejeniyar da ƙungiya ta ƙulla da kamfanin tun kafin a ɗauke ni. A cikinta an rubuta ƙarara cewa duk wanda ragi ya shafa za a lissafa masa wani kaso na albashinsa a kan kowace shekarar da ya yi, kuma takardar ɗaukata aiki ta ambaci wannan yarjejeniya da sunanta. Ban taɓa karanta wannan layin ba a shekara takwas. Ya sa na rubuta sauran abubuwan da nake bi: ragowar albashi, kuɗin hutun shekara da ban tafi ba, da kuɗin fansho na watanni uku da aka cire mini ba a zuba a asusuna ba. Ya kuma shaida mini cewa idan na yi wata huɗu ban sami wani aikin ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ni damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da na tara.

Ranar da wa'adin ya cika na koma ofishin tare da Baba, na ajiye takarda ta biyu a kan tebur ba tare da sa hannu ba. Shugaban ma'aikata ya dube ta, ya dube mu, sannan ya ɗaga waya ya kira lauyan kamfani. Abin da lauyan ya faɗa, da yadda maganar ta kusa kai mu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, shi ne zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.