Ranar da na tuttula NaOH maimakon in ɗiga

Har yau in na ga kwalbar NaOH, wato ruwan sinadarin sodiyam haidroksaid, sai raina ya sosu. A jarrabawar gwaji ce ta kemistiri, wadda ake mana kafin WASSCE, jarrabawar gama sakandare, a makarantarmu nan Kumasi. An ba kowa farin gishiri mai lamba C, aka ce ya gano sinadarin da ke cikinsa. Na narka shi da tataccen ruwa, na raba kashi uku, duk lafiya lau.

Malam ya faɗa ya fi sau ashirin: a sa NaOH ɗigo-ɗigo tukuna, sannan a cika. Ni kuwa titireshan, wato gwajin auna ƙarfin ruwan sinadari, ya cinye mini lokaci, ido na kan agogo, sai na karkata kwalbar na tuttula. Wani fari-fari ya gilma kamar hayaƙi, kafin in ƙifta ido ruwan ya koma garau. Na ɗauki biro na rubuta: babu gasara. Gasara muke ce wa abin da ke kwantawa a kwalbar gwaji, don kamarta ɗaya da ta masu koko a unguwar Aboabo.

Daga nan na ɓace hanya. Tunda babu gasara, na ce lallai amoniyam ne, don shi ba ya ba da gasara, iskar amoniya yake fitarwa in an ɗumama. Na ɗumama, na kara jar takardar litmos a bakin kwalbar ina jiran ta koma shuɗiya. Shiru. Na kai hanci, babu warin nan mai hawa kai. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ɗauki kashi na biyu na sake tuttulawa, na sake ɗumamawa. Ɓarna biyu ke nan da hannu ɗaya.

Na ukun ne kawai na bi a hankali. Na ɗiga ruwan amoniya, farar gasara mai yauƙi ta fito, na ƙara, ta narke. Sai gabana ya faɗi, amma gishirin ya ƙare, kuma ana cewa a ajiye biro.

Tutiya ce, Zn²⁺. Da jan ƙarfe aka ba ni da ban sha wannan kunya ba, shuɗiyar gasararsa ko daga ƙofa ka hango ta. Haka ƙarfe: Fe²⁺ kore mai dauɗa, wanda samansa ke komawa ruwan ƙasa in ya sha iska, Fe³⁺ kuma launin tsatsa. Farare su ne 'yan rainin wayo. Tutiya da alminiyam da dalma duk suna ba da farar gasara da ɗigon NaOH, duk kuma tana narkewa in ya yi yawa. Ta kalsiyam ce ke zama daram. Amoniya ke tsame tutiya daga cikinsu, don tata kaɗai ke narkewa a ciki. Sauran biyun sai KI, wato ruwan fotasiyam ayodaid: dalma ta ba da rawaya mai kyau, alminiyam ko gezau. Duk na haddace wannan, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da Malam ya dawo da takardu ya tsaya a kaina.

"Ke, da idonki ba ki ga fari ba?"

"Na gani, Malam, amma ai bai tsaya ba."

"To rashin tsayawar ai ita ce rabin amsar."

Maki shida suka tafi a layi ɗaya. Yanzu ba na taɓa kwalbar sai da abin ɗiga. Ɗigo biyu, in girgiza, in ɗaga wa taga, in rubuta, sannan in cika. Gishirin ma ba na narka shi duka, sai na ɓoye kaɗan a takardarsa. Ƙawata ta ce na koma kamar mai sa wa jariri maganin ido.