Yadda na zaɓi makunnan wutar gidanmu na Badariya

Da ginin gidanmu na Badariya, a nan Birnin Kebbi, ya kai ga wayarin, abin da na fi zaunawa a kansa shi ne makunnan fitila. Tayil da fenti kallo ake yi musu. Makunni kuwa taɓa shi ake yi tun tashin asuba har kwanciya, da hannun yaro da na tsohuwa, wani lokaci ma hannun bai gama bushewa daga alwala ba. Amma yawancinmu sai an gama filasta, an shafa fenti, sannan a aiki yaro kasuwa ya sayo kwali guda na duk irin da ya samu. A lokacin an riga an binne bututun waya cikin bango, zaɓin da ya rage na launi ne kawai.

Mai wayarin ɗinmu dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Tun bulo na tsirara muka zaga gidan ɗaki-ɗaki, yana riƙe da gawayi. A kowace ƙofa sai ya tsaya ya tambaye ni ta wane ɓangare za ta buɗe, domin makunni yana zama ne ta gefen mariƙin ƙofa. In aka sa shi ta gefen da ƙofar ke lafewa, sai mutum ya shiga cikin duhu, ya rufo ƙofa, sannan ya laluba bayanta. Tsayi kuma muka tsayar a kan kimanin mita 1.2 daga ƙasa, inda yaro ɗan firamare zai kai ba tare da ya taka kujera ba.

Ɗakin mahaifiyata ne ya fi ɗaukar mu lokaci. Gwiwoyinta sun fara ciwo, kuma takan tashi cikin dare. Na ce, "Inna, ina kike son a sa miki makunni?" Ta ce, "Inda hannuna ka kai in ina kwance." Dattijon ya yi murmushi, ya ce, "Hajiya ta gama magana." Ya zana alama biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a gefen da gado zai zauna. Wannan shi ne makunni mai hanya biyu: fitila ɗaya, ana kunna ta daga nan a kashe daga can. In ka juya bayansa za ka ga ramukan waya uku, an rubuta COM da L1 da L2, saɓanin na gama-gari mai ramuka biyu. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Abin da ke da wuya shi ne ƙarin wayar da ke haɗa makunnan biyu, wadda in ba a ja ta kafin filasta ba sai an fasa bango. Mun yi irin wannan a dogon barandan da ya taso daga falon baƙi zuwa cikin gida, da kuma ɗakina. A baranda ma har na uku muka sa a tsakiya, mai ramuka huɗu, saboda ƙofar kicin a nan take.

Ranar sayayya na tafi tare da shi. A shago ana miƙo mana makunni sai ya kifa shi a tafin hannu, bai ko dubi fuskarsa ba. Ya auna nauyinsa, ya danna kusa da kunnensa. Mai kyau yana yin ƙas guda ɗaya, ya tsaya cak. Na banza yana lanƙwasa a tsakiya kafin ya faɗa, kuma a wannan ɗan jinkirin ne wuta ke tartsatsi a ciki tana cin ƙarfen. Sannan ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya kai kan ramukan waya. Tagulla ba ta kama maganaɗisu. Wanda ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da ruwan zinare, damina biyu ta ishe shi tsatsa. Mai shagon ya ce, "Baba, wanga shi mutane ka saye." Dattijon ya ajiye shi a kan kanta, ya ce a kawo wani.

A bayan makunnin kirki za ka ga an rubuta 10AX da 250V. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, saboda haka amfiya 10 na ɗaukar kimanin wat 2,300. Ƙwan fitilar zamani mai wat 9 ko 12 bai kai ya dame shi ba, ko da guda goma aka jera a kansa. Inda ake cutar kai shi ne a ɗora hitar wanka ko na'urar sanyaya ɗaki a kan makunnin fitila don ya yi daidai da sauran a ido. Waɗannan nasu daban ne, mai amfiya 20, wanda ke yanke wayoyi biyun, mai kawo wuta da mai mayar da ita, a lokaci guda, da ɗan jan haske da ke nuna yana kunne. Murhun lantarki kuwa mai amfiya 45 yake so. Waya ma haka, kowace da kaurinta: 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket, masu jan wuta sosai 4 ko 6. Na kuma tsaya na ga cewa a kan waya mai wuta, wato ja ko ruwan ƙasa, aka ɗaura kowane makunni. In aka ɗaura a kan baƙa ko shuɗiya, wato mai mayar da wuta, fitila za ta mutu in an kashe, amma wutar na nan a mazaunin ƙwai tana jiran wanda zai hau canzawa.

Maiɗakina ta so irin na gilashi, waɗanda ake shafawa da yatsa, wasu har da wayar hannu ake sarrafa su. Suna da kyau, ban musa ba, kuma gidan da aka kashe wa kuɗi a silin da fitilu ya cancanci abin ado. Na daɗe ina juya maganar. Abin da ya tsayar da ni shi ne halin wutarmu. Kaduna Electric ce ke ba Kebbi da Sakkwato da Zamfara wuta, mu dai har gobe NEPA muke cewa, kuma kowa ya san ana kawowa ana ɗaukewa. Makunnin dannawa, in ba mai hanya biyu ba, yana faɗa maka halin da yake ciki ko babu wuta: ya yi ƙasa yana kunne, ya yi sama yana kashe. Za ka fita aiki an ɗauke wuta, kallo ɗaya ya ishe ka sanin hita a kashe take. Na gilashi in babu wuta fuskarsa duhu ce, ba ka san abin da zai yi in an kawo ba. Cikinsa kuma ƙananan kayan lantarki ne irin na caja, waɗanda hawa da saukar wuta ke saurin kashewa. Galibinsu suna buƙatar baƙar waya ta iso har akwatin makunni, abin da ba a saba ja ba. Muka daidaita a kan falon baƙi kaɗai, nan aka sa guda, aka kuma ja baƙar waya zuwa sauran akwatunan ko nan gaba ra'ayi zai canza. Mai rage haske ma guda muka sa a ɗakin kwana, bayan na tabbatar ƙwan da ke kansa irin wanda ake rage wa haske ne, don wanda ba irinsa ba ƙyafta-ƙyafta zai yi ta yi yana ƙara.

Da yake mun sa sola, fitilu da fankokin da ke kan inbata layinsu daban. Dattijon ya ƙi yarda a haɗa layin sola da na NEPA a akwati guda, domin mai gyara zai iya kashe ɗaya ya sa hannu yana zaton babu wuta. Makunnan sola muka zaɓa masu ruwan toka, na NEPA farare. Yanzu ko ƙaramar 'yata ta san wanda za ta danna in an ɗauke.

Ban yarda a wuce madanni uku a faranti ɗaya ba, saboda mai huɗu ko shida ba wanda ke riƙe wanne ne na wanne. Fuska mai santsi na ɗauka, marar zane-zane, domin ƙurar hunturu a cikin tsagi take zama, baƙi mai sheƙi kuma kowane yatsa sai ya bar shaida a kansa. Na banɗaki duk a waje suke, bakin ƙofa. Na ƙofar gida da na tsakar gida masu murfi ne, an rubuta IP66 a jikinsu, alamar ƙura da ruwa ba sa shigarsu, saboda ruwan Agusta da iska yake zuwa, yana bugun bango a karkace. Daga kowane iri kuma na sayi ƙari na ajiye a sito, don irin da ke cika kasuwa bana sau da yawa baɗi ba a samunsa, kuma ba na son ranar da ɗaya ya lalace a liƙa mini wani daban a tsakiyar falo.