Koren rini a ɗakin tiyata: yadda na koyi duba jinin hanji kafin ɗinki

Duk likitan fiɗa da ya taɓa yanke hanji ya haɗa bakin biyu ya san fargabar kwana na biyar. Aiki ya yi kyau, mara lafiya ya fara kurɓar ruwa, 'yan uwa har sun soma godiya, sai zazzaɓi ya taso, bugun zuciya ya ƙaru, ciki ya kumbura. Ɗinki ya saki, ƙazanta tana tsiyaya cikin ciki. Dalilan suna da yawa, amma babba a cikinsu shi ne bakin hanjin da aka ɗinke ba ya samun isasshen jini, kuma naman da ba jini ba ya kamuwa.

Abin da aka koya mana shi ne ka dubi launin hanjin, ka laluba bugun jijiya da yatsa, ka ɗan yanki gefe ka ga ko jan jini zai fito. Dabaru ne masu kyau, sai dai ido yana ruɗi. Wani bincike da aka yi a Holan a 2009 ya nuna hasashen likitoci kan ɗinkin da zai saki ba abin dogaro ba ne sosai.

A wani asibiti a Indiya, inda na je ƙaro ilimin tiyatar babban hanji da dubura, na fara amfani da rinin da ake kira ICG (indocyanine green), wanda ake yi wa mara lafiya allurarsa don a ga inda jini ke kaiwa. Ba sabon abu ba ne: kamfanin Kodak ya haɗa shi a 1955 don harkar hoto, a 1959 kuma aka amince da shi a Amurka don gwaje-gwajen asibiti. Gari ne kore, miligiram 25 a ƙaramar kwalba, ana narkar da shi da mililita 10 na ruwan allura. Da ya shiga jijiya sai ya manne wa furotin ɗin jini, ya bi duk inda jini ya bi, hanta kuma ta tsame shi. Cikin minti uku zuwa huɗu rabinsa ya bar jini. Idan aka haska shi da hasken infared mai zangon nanomita kusan 800, sai ya mayar da nasa hasken. Ido ba ya gani, kyamara ta musamman ce ke kamawa ta nuna shi kore a allo.

Akwai wani dattijo mai sankarar dubura da ba na mantawa. Mun ɗaure babbar jijiyar da ke shayar da ɓangaren hagu na babban hanji, kamar yadda aikin sankara ya tanada, don haka ragowar hanjin ya dogara da siririyar jijiyar da ke bin gefensa. Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya ce in ɗora bakin ƙarfe daidai inda nake ganin ya kamata a yanke. Na ɗora. Wurin ja-ja-wur, ba abin zargi. Likitan sa barci ya tura mililita 3 na rinin a jijiya, ya bi shi da ruwan gishiri, ya ce ya shiga, Sista ta fara duba agogo. Allon ya yi duhu na kusan daƙiƙa talatin, sannan koren ya ɓullo a ƙananan jijiyoyi, ya malalo kamar ruwan ban-ruwa yana bin kwalbati zuwa fadama. Sai ya ja birki, saura kamar faɗin yatsa biyu ya iso bakin ƙarfen. Farfesa bai ce uffan ba, ya dai matsar da hannuna sama. A nan muka yanke.

Wannan tsari na fara sa alama kafin a tura rinin shi ne abu na farko da na riƙe. In ka bari sai ka ga kore sannan ka zaɓi wuri, ba za ka taɓa sanin inda idonka ke kuskure ba.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kuwa shi ne gane cewa ba launin ne labari ba, saurin zuwansa ne. Ka jira minti biyu ko uku, kusan ko'ina zai yi kore, har wurin da jini ke isa da ƙyar, saboda rinin yana tsattsafawa a hankali. Minti na farko ake kallo. Haka kuma hanjin da jini ke shiga amma ba ya samun hanyar fita zai yi kore shar, ya ƙi dushewa, ga shi kuwa yana cikin haɗari. Nisan kyamara ma yana canza hoto: matso kusa ya yi haske, ja baya ya dushe. Kitse yana rufe shi, don hasken ba ya ratsa fiye da 'yan milimita. In hawan jini ya faɗi, ko ana ba da maganin matse jijiyoyi, hoton zai yi maka ƙarya. Shi ya sa ba na cewa a tura sai na tambayi likitan sa barci nawa awon yake. Tun a ɗakin kwanciya kuma ake tambayar ko jikin mutum ba ya shiri da sinadarin aidin, don akwai shi kaɗan a cikin garin rinin.

Ko yana rage sakin ɗinki? A nan masu sayar da na'ura sun fi bincike zaƙin baki. Binciken PILLAR II na 2015, mai mutum 139, ya nuna rinin ya sa likitoci sun canza shawarar yadda za a yi aikin a kashi 8 cikin ɗari. Amma PILLAR III na 2021, wanda aka dakatar kafin lokaci, bai ga bambanci a sakin ɗinki tsakanin masu rini da marasa shi ba. A Japan, binciken EssentiAL na 2023 ya sami sakin ɗinki kashi 7.6 cikin ɗari a masu rini, 11.8 a marasa shi. A ganina amfanin gaskiya ne, musamman a ɗinkin da ke can ƙasa kusa da dubura, amma bai kai yadda ake kambama shi ba. Rini ba ya gyara hanjin da aka jawo da ƙarfi, ba ya gyara ɗinkin ganganci ko jikin da yunwa ta cinye.

Da na dawo gida, tunanina bai tsaya kan sankara ba. Abin da ke tashe mu tsakar dare a nan shi ne ƙaba da ta shaƙe da murɗewar hanji. Ka warware hanji ka same shi ba ja ba baƙi ba, ka lulluɓe shi da ƙyalle mai ɗumi, ka tsaya kana shawara: a yanke ko a bari? In ka yanke da yawa ka cuci mutum, in ka bar matacce ka fi cutarsa. A nan rinin zai fi yi mana rana. Kwalbar ba ita ce matsala ba, kyamarar ce ke da tsada, ga gyara, ga wuta. Garin kuma da zarar an narkar da shi, cikin awa shida za a yi amfani da shi, don haka in asibiti ya samu na'urar, gara a jera ayyukan da ke buƙatarsa rana ɗaya. Kafin nan, a kowane yankan babban hanji sai na buɗe jijiyar gefe na ga jini yana tsartuwa da bugu, ba tsiyaya kawai ba, sannan nake karɓar zare daga hannun Sista.